Hukuncin karanta addinin Hindu a jami'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Indiya, wannan semistar an saka mana kos na tarihi da aƙidun addinin Hindu kuma dole sai ka ci shi, har lakcara ta ce za a kai mu ɗakin bautarsu mu gani da ido. Wasu abokaina sun ce haramun ne wai imanina zai iya tafiya. Dan Allah Malam ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana ka kwantar da hankalinka, karanta shi ya halatta, sanin abu daban, yin imani da shi daban. Huzaifa bn Yaman (RA) ya ce mutane suna tambayar Annabi (SAW) game da alheri shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi, hadisin yana Bukhari da Muslim. Kuma malamanmu sun riga ka shiga wannan fagen tun da daɗewa, Abu Raihan Albiruni sai da ya zauna ya koyi yaren Sanskrit ya karanta littattafan 'yan Hindu da kansa sannan ya rubuta Tahƙiƙu ma lil Hind wajen shekarar 1030, ya faɗi abin da suka yarda da shi yadda yake ba ƙari ba ragi, Shahrastani ma a Almilal wan Nihal ya ware babi kan ra'ayoyin mutanen Hindu.

Abokanka wataƙila sun ji ruwayar da Annabi (SAW) ya yi fushi da ya ga takardar Attaura a hannun Sayyidina Umar, to malamai sun ɗora wannan a kan mai neman shiriya a cikinta ko wanda ake jin tsoron ya rikice. Nan ne damuwata take gaskiya. Yaron da bai gama sanin tauhidinsa ba a zuba masa littattafan addininsu irin su Beda da Upanishad da Bagabad Gita, a yi masa bayanin karma (wato sakamakon aikin mutum da suke cewa yana bin sa) da yadda suke cewa rai yana mutuwa ya dawo a wani jikin har sai ya samu moksha, wato kuɓuta daga wannan kai-komon, da lafazi mai daɗi, shubuha za ta iya shigarsa bai ma sani ba. Don haka kana wannan kos ɗin kana bitar aƙidarka, duk abin da ya tsaya maka a rai kar ka kwana da shi, ka tambayi malami.

Maganar zuwa ɗakin bauta kuwa, in za a ɗauke maka ya fi, in dole ne ka je ka tsaya ka kalla ka rubuta abinka. Amma fa ka sani da ka shiga za a zagayo da fitila ana aarti a gaban gunki mutane suna ɗora hannu a kan wutar suna shafa kai, za a zo a ɗiga maka jan tilak a goshi, a miƙo maka prasad wato abincin da aka fara gabatar wa gunkin. Duk wannan ibada ce, babu hannunka a ciki, kar ka haɗa tafukan hannunka ka rusuna wa gunki, kar ka maimaita Om ko wani mantra, wato kalmomin bautarsu, ko da an ce ai al'ada ce kawai. Ka gaya wa lakcarar tun kafin ranar, cikin ladabi, cewa addininka bai ba ka dama ba.

A jarrabawa ka riƙa rubuta "mabiya Hindu sun yi imani da cewa Bishnu kaza" (Bishnu ɗaya ne daga abubuwan bautarsu), mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Kuma kar ka zagi abin bautarsu a aji ko a hostel, Allah ya hana a Suratul An'am aya ta 108. In an fara izgili ga ayoyin Allah to ka tashi, kamar yadda ya zo a Nisa'i aya ta 140.

Allah ya tsare maka imaninka ya ba ka sa'a. Wallahu a'alam.