Ɗana ya ƙi jami'a, ya ce koyon aiki zai yi a cibiyar binciken kimiyya

Tambayar wannan makon daga wani bawan Allah ta fito, mazaunin Manchester, ma'aikacin jinya da ya zo Ingila da iyalinsa shekara huɗu da suka wuce bisa bizar aiki. Ya ce babban ɗansa mai shekara 17 ya ci jarrabawar GCSE, wato ta sakandare a Ingila, da kyau, musamman lissafi da kimiyya, amma ya kafe a kan ba zai je jami'a ba. Yana so ya shiga koyon aikin teknishan na injiniyanci a wata cibiyar binciken kimiyya, inda ake biyan mutum albashi yana koyo. Uban yana tambaya ko takardunsu sun ba yaron wannan dama, ko abin yana da makoma, da kuma abin da zai faɗa wa dangi a gida da suke jiran a ce musu yaro ya shiga jami'a.

Malam, Allah ya raya mana shi. Ku bar shi ya nema, hanya ce mai kyau. Amma akwai wani tarko a dokar biza da ya shafi inda zai riƙa kwana, kuma shi ne ya kamata ya yanke muku wuraren da zai nema.

Yaron yana zaune ne a ƙarƙashin bizarku a matsayin ɗan da ke hannun iyaye. Wannan matsayi ya ba shi izinin yin aiki. Sai dai idan aka zo sabunta bizar ko neman takardar zaman dindindin, doka ta ce ɗan da ya kai shekara 16 dole ya nuna bai kama gabansa ba: ba shi da mata, kuma yana zaune tare da iyayensa. Uzurin da aka yarda da shi shi ne a ce yana makarantar kwana, ko kwaleji, ko jami'a, yana karatu na cikakken lokaci. Mai koyon aiki kuwa ma'aikaci ne mai kwantiragi. Idan ya tattara ya koma wani gari ya kama ɗaki saboda aikin, za a iya cewa ya fita daga hannunku, kuma wannan na iya ɓata masa neman zaman dindindin a daidai lokacin da kuka kusa cika shekara biyar ɗin da ake jira kafin a nema. Ga shi a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta tsawaita wa'adin jiran zaman dindindin zuwa shekara goma ga mutane da dama. Don haka kafin ya sa hannu a kowace takarda, ku zauna da lauya ko mai ba da shawarar shige da fice da ke da rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da irin wannan shawara, ku kai masa ranar ƙarewar bizarku da adireshin wurin aikin. Kada ku dogara da abin da aka faɗa a zauren WhatsApp.

Kun yi dace da gari. Manyan cibiyoyin da aka fi sani suna can yankin Oxford: Rutherford Appleton da Diamond a Harwell kusa da Didcot, da cibiyar binciken makamashi ta Culham. Waɗannan sun yi muku nisa, ga tsadar haya. Amma cibiyar Daresbury, wadda ita da Rutherford Appleton duk STFC, hukumar gwamnati mai kula da cibiyoyin kimiyya da fasaha, ce ke tafiyar da su, tana kusa da Warrington, tafiyar da ake yi a dawo a rana daga Manchester. Jami'ar Manchester ma tana ɗaukar masu koyon aikin teknishan don ɗakunan gwajinta da wuraren ƙere-ƙerenta. Ya fara da waɗannan, ya riƙa kwana a gida har takardun zaman dindindin su fito.

Sai batun kuɗin horon. Yaro ba ya biyan ko kwabo. Gwamnati da ma'aikatar ke biya. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, sharaɗin shi ne yana da izinin zama wanda ba na karatu ba, yana da izinin aiki, kuma ya yi shekara uku cif yana zaune a Birtaniya kafin ranar farawa. Naku ya cika wannan. Wanda aka ba mafaka ba a ɗora masa sharaɗin shekara ukun, mai bizar ɗalibta kuwa ba ya shiga. Hatimin da ke kan bizarku na hana taɓa kuɗin tallafin gwamnati bai shafi wannan ba, domin kuɗin horo ba ya cikin jerin. Inda ake yawan cijewa shi ne tsawon biza. Horon teknishan na mataki na 3, wato wanda ake shiga bayan GCSE, yakan ɗauki wata 42, wasu wuraren shekara huɗu, kuma ƙa'idar ta ce dole mai koyo ya kasance yana da isasshen lokacin da zai kammala. Idan saura shekara ɗaya a bizarku, kwalejin da ke ba da horon na iya ƙin yi masa rajista ko da ma'aikatar ta zaɓe shi. Ku rubuta musu tun kafin ganawa, ku faɗi ranar da za ku nemi sabuntawa, ku karɓi amsa a rubuce. Idan lissafi bai yi ba a bana, gara ya yi shekara ɗaya a kwaleji yana karanta injiniyanci, ya nema baɗi da takarda mai ƙarfi.

Ana farawa ne a watan Satumba, amma tallar guraben kan fito tun daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris, a shafin gwamnati na Find an apprenticeship da shafukan cibiyoyin kansu. Wanda ya jira sakamakon jarrabawa a Agusta ya makara. Galibi ana neman darasi huɗu ko biyar na GCSE da maki 4 zuwa sama, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyya, wasu kan nemi 5 ko 6 a lissafi. Masu karanta mu da 'ya'yansu suka zo da WAEC ko NECO, sai su nemi takardar daidaita shaidar karatu daga UK ENIC tun da wuri.

Ya tanadi fasfo mai rai, lambar inshorar ƙasa, da lambar tabbatar da izinin aiki da ake cirowa daga asusunsa na eVisa, wato shaidar biza ta intanet, tunda katin izinin zama na BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024. Ku buɗe asusun ku duba an haɗa shi da fasfon da yake riƙe da shi yanzu. Idan fasfon Najeriya ya kusa ƙarewa, a fara sabuntawa tun yanzu, kuma a tabbata sunansa da ranar haihuwa sun yi daidai da na NIN, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da komai na makonni. Cibiyoyin gwamnati suna yin binciken tsaro na matakin farko, inda ake duba shaidar mutum, izinin aikinsa, tarihinsa na shekara uku da kuma ko yana da laifi a kansa. Wanda ya yi wata shida ko fiye a ƙasar waje cikin shekaru ukun sai ya yi bayanin zamansa can. Wuraren da suka shafi makamai, irin su AWE a Aldermaston, ɗan ƙasa kawai suke ɗauka, kada ya ɓata lokacinsa a kansu.

A ganawa ba a tsammanin ya iya aikin. Ana so a ga hannunsa ya taɓa yin wani abu. Keken da ya kwance ya ɗaure, wayar da ya canza wa gilashi, ƙaramin allon lantarki da ya haɗa, ya ɗauki hotunansu ya je da su, ya iya faɗin abin da ya lalace da yadda ya gano shi. Sau da yawa akan ba su ɗan gwajin hannu da na lissafi, a kuma haɗa su rukuni a ga wanda ke sauraron na kusa da shi. Yaranmu an tarbiyyantar da su da sunkuyar da kai a gaban manya, a can kuwa ana iya ɗaukar hakan rashin sha'awa. Ku zaunar da shi ku yi masa tambayoyi, ya saba da ɗaga kai ya yi bayani.

Aikin kansa ya wuce abin da dangi za su zata idan suka ji an ce koyon sana'a. Shekarar farko yawanci a wurin horo ake yin ta: goge ƙarfe da hannu, aiki da injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, karanta zanen injiniya, haɗa wayoyi, like da dalma, walda. Daga nan a riƙa zagayawa da shi sassa, wata uku ko shida a kowanne, da kwana ɗaya a mako a kwaleji. Na'urorin binciken kimiyya ba a sayen su a kanti, guda ɗaya ake ƙerawa don gwaji ɗaya, kuma zane na iya cewa kada kuskure ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ƙarfen da aka auna da ɗuminsa daga inji zai ba da awo dabam da wanda ya huce, shi ya sa ake awo a ɗaki mai zafin digiri 20. A Daresbury da Harwell ana aiki da bututun da aka zuƙe iskar cikinsu ƙaf don ƙwayoyin lantarki su bi. Taɓa cikin irin wannan bututu da hannu ba safa yana barin maiƙon yatsa, maiƙon ya riƙa fitar da tururi, famfo ya yi ta zuƙa ba a kai matakin da ake so ba, a ƙarshe a kwance a wanke a gasa bututun, kwanaki sun tafi. Idan ana zargin yoyo, ana fesa iskar hiliyom a gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa domin hiliyom tashi yake yi, na'ura tana nuna inda ya shiga. Akwai kuma ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Lita ɗaya tana zama kusan lita 700 ta iska, ba wari ba launi, ta kore iskar shaƙa daga ƙaramin ɗaki. Don haka ba a shiga lif tare da tulunsa, kuma ƙararrawar ɗakin idan ta buga fita ake yi.

Abin da ke kayar da masu koyo ba wuyar aiki ba ne. Makara ce, da sakaci da kundin shaidar aiki da za a duba a jarrabawar ƙarshe, da ɓoye kuskure. Wanda ya lalata ƙarfe ya faɗa nan take, asarar ƙarfe ɗaya aka yi. Wanda ya yi shiru aka ɗaura shi a na'ura, ya jawo asarar makonnin masu binciken da suka zo daga wata ƙasa.

Batun addini a faɗe shi tun makon farko, cikin ladabi: wurin sallah, da yadda zai rama lokacin Juma'a. Idan yana da gemu kuma aikin na bukatar takunkumin da ke manne wa fuska, ya nemi hular da ke hura iska, akwai ta. Masu 'ya'ya mata su sani ana yin aikin da hijabi, amma a gaban inji mai juyawa sai matsattse wanda aka cusa cikin rigar aiki.

Ku yi lissafin gida kuma. Mafi ƙarancin albashin mai koyo da aka sa a Afrilun 2025 ya kasance fam 7.55 a awa, cibiyoyin bincike galibi suna biyan fiye da haka, kuma yana ƙaruwa kowace shekara. Kuɗin jami'a a Ingila kuwa ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025/26 ga 'yan gida, bashi ne mai ruwa, wanda kuma bai samu zaman dindindin ba sau da yawa kuɗin baƙi ake cajinsa, ninki biyu ko fiye. Iyalan da ke karɓar tallafin yara su lura, yana tsayawa da zarar yaro ya fara koyon aiki. Hutunsa na ma'aikaci ne, aƙalla kwana 28 a shekara har da ranakun hutun ƙasa, don haka zuwa gida na wata biyu ya ƙare. Bikin dangi sai a tsara shi tun da nisa. Kuma muna roƙonku, kada a ɗora masa aiken kuɗi gida a shekarar farko. Kuɗin jirgin ƙasa da koyon tuƙi za su cinye rabin abin da zai samu, lasin tuƙin kuma zai bukace shi.

Dangi kuwa, ku faɗa musu gaskiyar yadda matakan suke. Idan ya gama zai iya yin rajistar EngTech, wato ta ƙwararren teknishan, da Majalisar Injiniyoyi ta Birtaniya ta hannun ƙungiyar injiniyoyi irin IET ko IMechE. Daga nan akwai HNC, takardar shaidar da ke ƙasa da HND, da HND ɗin, da digiri da ake yi a bakin aiki ma'aikata na biya, har ya kai cikakken injiniya ba bashi a wuyansa. Ku dai sani cewa a Najeriya COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ta raba rajistar injiniya da ta teknishan, kuma ma'aikatun gwamnati da digiri ko HND suke sa mutum a matakin albashi. Idan kuna da niyyar ya koma gida wata rana, ko don wurare irin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, to ya tambaya tun a ganawa ko suna ɗaukar nauyin HNC da digiri bayan mataki na 3, kuma ya zaɓi wurin da ya amsa da e.