Masanin da Ba a Ganin Sunansa a Fuskar Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta a nan Kaduna, kuma malaminmu yana yawan ambaton Farfesa Philip Wadler a matsayin babban masanin harsunan rubuta manhaja. Na bincika ban ga wata manhajarsa da jama'a ke amfani da ita ba, sannan yawancin takardun bincikensa suna ɗauke da sunayen wasu tare da nasa. Ta yaya ake gane tasirin irin wannan masani, kuma yawan haɗin gwiwar nan ba jingina da gumin wasu ba ne? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka nemi aikinsa a cikin manhajojin da ake saukewa a waya, alhali yana cikin harsunan da aka rubuta su da su. Wadler Ba'amurke ne da aka haifa a 1956, ya koyar a Jami'ar Gilasgo, ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, kuma tun 2003 yake farfesa a Jami'ar Edinbara da ke Sikotilan.

Idan ka taɓa rubuta manhaja da harshen Java, ka riga ka ci moriyarsa. Kafin 2004, jeri a cikin Java tamkar buhu ne marar tambari a Kasuwar Barci: kana iya zuba gero inda aka tanadar wa masara, kuma ba wanda zai sani sai an kwance bakin buhun, wato sai manhajar ta tsaya cak a hannun mai amfani da ita. A 1998 Wadler da Martin Odersky da Gilad Bracha da David Stoutamire suka fitar da wani tsari mai suna GJ, wanda ke ba mai rubutu damar fayyace nau'in abin da jerin zai ɗauka, ta yadda za a kama kuskuren tun lokacin fassara rubutun zuwa harshen na'ura. Dabararsu ita ce a goge bayanin nau'in da zarar an gama tantancewa, domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki ba tare da an sake rubuta su ba. Wannan gogewa tana da nata cikas, har yau masu Java suna ƙorafi a kanta, amma a ganina ita ce ta sa kamfanoni suka iya karɓar tsarin, wanda ya shiga Java 5 bayan shekara 6.

Wani aikin nasa ya fi wannan daɗewa a hanya. Yana cikin kwamitin da aka kafa bayan wani taro a Amurka a 1987, wanda ya fitar da harshen Haskell a 1990, kuma a 1989 shi da Stephen Blott suka gabatar da hanyar da alama ɗaya, kamar ta daidaito, za ta yi aiki a kan lambobi da haruffa ba tare da ruɗani ba. Harshen Rust, wanda cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a 2015, ya ɗauki wannan tunani, shekara 26 ke nan tsakani. Shi ya sa nake ɗaukar ƙidayar masu ambaton takardar binciken masani a nasu rubutun a matsayin ma'auni mai amfani amma gajere, domin mai rubuta Rust a yau yana amfani da dabarar ba tare da ya ambaci kowa ba.

Batun jingina da wasu kuwa, a duba abin da kowa ya kawo. Eugenio Moggi, masani ɗan Italiya, shi ne ya nuna cewa wani ginin lissafi da ake kira monad yana iya bayyana yadda shirin kwamfuta ke gudana. Wadler ya mai da shi abin da mai rubuta manhaja zai riƙa a hannu, sannan a 1993 shi da Simon Peyton Jones suka nuna yadda Haskell zai karɓi bayani ya fitar ta wannan hanya. Odersky gwani ne wajen gina manhajar fassara, kuma daga baya shi ya ƙirƙiro harshen Scala. Kowannensu yana da ɓangaren da ya fi ƙwarewa a kai, kuma harshen manhaja yana buƙatar mai tabbatar da ingancinsa ta lissafi da mai gina shi a aikace.

Alamar da na fi amincewa da ita ita ce a ga wa ke neman wa. Lokacin da masu harshen Go na kamfanin Google suka so ƙara irin damar da Java ta samu, Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Go, shi ne ya tuntuɓi Wadler, aka yi aiki tare da Robert Griesemer da wasu masana, aka buga sakamakon a 2020, kuma damar ta shiga Go 1.18 a watan Maris na 2022.