Amsa Kan Fita Sinima Da Cin Miyar Kori A Bradford

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ba ku daɗe da sauka a Leeds ba kai da iyali, kuma kana neman inda za ku kalli fim ranar Asabar, sannan ku ci abincin halal mai sauƙin kuɗi. Shawarata ita ce ku hau jirgin ƙasa zuwa Bradford, tafiyar kamar minti 20 ce, ku sauka a tashar Interchange, daga nan kusan komai da ƙafa ake zuwa.

Game da kallo, mu mun fi zuwa gidan tarihin National Science and Media Museum, inda aka buɗe sinimar IMAX (mai ƙaton allo) ta farko a Birtaniya a shekarar 1983. Garin kansa shi ne na farko da UNESCO ta ba sunan birnin fim a 2009, kuma saboda yawan mutanen Fakistan da Indiya, manyan sinimominsa kan nuna finafinan Indiya, abin da na san uwargida za ta yi maraba da shi idan irin tarbiyyar kallonmu ta Kano ta taso da ita. Tunda da yara za ku je, ka duba alamar shekaru kafin ka yanki tikiti. U da PG kowa yana shiga, 12A sai da babba idan yaro bai kai 12 ba, amma fim mai lamba 15 ko kana tare da yaron ba za a bar shi ya shiga ba. Ka zaɓi kallon rana, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, kuma tallace-tallacen da ake sakawa kafin fim kan ci kusan minti 20, sai ka lissafa La'asar da Magariba tun daga gida.

Abincin kuwa shi ne ainihin dalilin zuwan. Gidajen kori (miyar kayan yaji irin ta Indiya da Fakistan) na garin sun samo asali ne daga ma'aikatan masaƙu, yawancinsu 'yan Mirpur da ke yankin Kashmir na ɓangaren Fakistan, da suka zo tun shekarun 1950, kuma Bradford ta riƙe kambun babban birnin kori na Birtaniya shekara shida a jere, daga 2011 zuwa 2016. A ganina kada ku nemi wurin da ya sha ado. Ku shiga irin su Kashmir da ke titin Morley, kusa da gidan tarihin, inda tebur ba shi da wani ƙyale-ƙyale, ana ajiye maka tulun ruwa da yankakkiyar albasa da miyar nono mai na'ana'a, sannan a kawo gurasarsu ta capati da zafinta, ka gutsura ka dangwala da hannu ba mai kallonka.

Ni dai karahi na naman rago nake ci, wanda ake kawowa yana tafarfasa a ƙaramin kasko, ko kima, wato niƙaƙƙen nama, haɗe da alayyahu. Miyar da ake kira korma tana da zaƙi da maiƙo, ta dace da yara, amma wanda ya saba da yaji ba zai ji ya ci komai ba. Idan kana son barkono ya ji, ka faɗa musu tun wajen oda, in ba haka ba irin na Turawa za su dafa maka.

Yawancin wuraren na Musulmi ne, duk da haka tambaya kan naman ba laifi ba ce, kuma ba sa jin haushi. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, domin ba kowane ƙaramin wuri ne yake karɓar kati ba, kuma ku yi ƙoƙari ku zauna kafin ƙarfe 7, lokacin da cunkoson daren Asabar yake farawa.