Ga mai warsha a Jidda: duk ilimin garejinka na kan mutum ɗaya

Wani bawan Allah mai warsha, wato garejin gyaran mota, a Sana'iyyar Jidda (unguwar masu sana'o'i) ya turo min tambaya, wai yana da riyal dubu 70 a hannu kuma yana so ya zuba su a kayan gyaran motar lantarki, tunda Lucid na harhaɗa motoci a birnin Sarki Abdallah tun 2023, Tesla ma ta buɗe a Riyad a 2025, wai so yake ya riga kowa. Can ƙasan saƙon sai ya ɗan ambata cewa yaransa shida ne amma ɗan yayansa ne kaɗai ya iya jona kwamfuta a jikin mota.

Alhaji, ai nan ciwon yake, kuma shi ne ka wuce da gudu.

Zancen motar lantarkin nan dan Allah ka ajiye shi tukuna. Wanda ya sayi Lucid sabuwa da garantinta wakala, wato garejin dillalin kamfanin, zai kai ta, ba zai shigo lungunku ba, kuma batirinta wutar da ke ciki kisa take in hannun da bai sani ba ya taɓa. Abin da ke shigo maka yau su Changan ne da Geely da MG da Camry haibirid mai haɗa fetur da lantarki, duk cike da sansa, tsohon makanikinka da ke gane ciwon inji da kunne sai ya canza kaya uku kafin ya dace, mai mota kuma ba zai dawo ba.

Akwai wani da na sani a Makka, ya kashe wajen dubu 25 a injin binciken mota ya damƙa wa ƙanin matarsa, ai na gida ne. Rajistar injin da imel ɗin yaron aka yi, lambar sirri na kansa, kwastomomi ma lambarsa suke kira. Wata wakala ta ƙara masa riyal 1,500 a albashi ya tafi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Na je na tarar da injin a kan kanta an rufe shi da tsohuwar darduma, lokacin sabunta shi ya wuce ba wanda ya san yadda ake shiga, yara biyar na zaune suna jiran mai canjin mai.

Kai ma hanyar da kake kai kenan. Ware kamar dubu 15 ka zaɓi yara biyu masu kai, waɗanda ke iya karanta ɗan Turanci, ka tura su kwas na wayarin da karatun lambobin matsala da injin binciken mota ke nunawa a cibiyar da TVTC, hukumar koyar da sana'o'i ta Saudiyya, ta ba lasisi, dama gwajin sana'a da Saudiyya ta fara a 2021 ya haɗa da makanikai da masu wayarin, kaga takardar za ta yi musu amfani. Ku rubuta yarjejeniya, duk wanda ya tafi kafin shekara 2 zai maido kuɗin kwas, har ɗan yayan naka ya sa hannu, kar kunyar yaya ta hana ka.

Shi kuma ƙara masa albashi yanzu tun bai nema ba, da sharaɗin zai koyar. Rajistar inji ta koma sunan warsha, kuma duk motar da aka jona a rubuta lambar matsalar da abin da aka canza a littafi. Ragowar dubu 55 ɗin bar su a banki, ranar da mutum uku suka iya binciken haibirid ba tare da shi ba sai ka sake turo min maganar lantarki.