Tambaya da Amsa: Hutun Keke a Gefen Tafkunan Tsaunuka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne a unguwar Ƙofar Ƙaura, Katsina, shekaruna sun haura sittin. Ɗana da ke karatu a Jamus ya ce idan na kai masa ziyara za mu yi mako guda muna zagaya wani tafki a kan keke, wai tafiya ce mai sauƙi kuma babu ɗan jagora. Ni kuwa da na ji an ambaci tsaunuka sai gabana ya faɗi, domin rabona da keke an jima. Shin irina zai iya, kuma wa zai ɗauki kayanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ka kwantar da hankalinka game da tsaunukan, domin a irin wannan tafiya ido ne yake hawan su, ƙafa tana ƙasa. Manyan tafkunan da ke gindin tsaunukan Alps na Turai ƙanƙara ce ta haƙe gurabensu shekaru dubbai da suka wuce, da ta narke sai ruwa ya cike kwaruruwan, kuma tun da ruwa a shimfiɗe yake kwanciya, hanyar da ta bi bakinsa ita ma mafi yawanta a shimfiɗe take. Ina kyautata zaton tafkin da ɗanka yake nufi shi ne Bodensee, wanda Jamus da Ostiriya da Siwizalan suka yi tarayya a kansa, kogin Rhine kuma yake shiga ta gefe guda ya fita ta ɗaya gefen. Tsayinsa daga gaɓar teku bai cika mita 400 ba, alhali birnin Katsina ya kai kimanin mita 500. Ka ga ke nan maganar ƙarancin iska ko sarƙewar numfashi da ake ji game da masu hawan dutse ba ta taso ba.

Hanyar keken da ta kewaye tafkin tana da tsawon kimanin kilomita 260, ana kuma raba ta kwana shida ko bakwai, wato a kowace rana ana yin tsakanin kilomita 30 zuwa 60. Idan ka ɗauki kilomita 40, rabin hanyar Katsina zuwa Daura ke nan, kuma kana da yini guda cur ka yi shi, ka tsaya shan shayi, ka yi salla, ka huta a inuwa. Tsarin da ɗanka ya kira marar jagora kuwa ga yadda yake: kamfanin yawon buɗe ido shi ne yake kama muku ɗaki a kowane gari, ya ba ku hayar keke, ya ba ku taswira a takarda da kuma a waya, da lambar da za ku kira idan wani abu ya faru. Kowace safiya za ku ajiye jakunkunanku a wurin ma'aikatan otal, motar kamfanin ta zo ta kwashe, da yamma ku iske su a masauki na gaba. Abin da ke kan kekenka bai wuce ruwan sha da rigar ruwa da ɗan abin taɓawa ba. Daɗin tsarin shi ne babu mai tashin ka, babu mai gaggauta ka. Wahalarsa kuma ita ce idan taya ta yi faci a tsakanin gonakin tuffa, babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba a nan, ku ne za ku ciro famfo da sabon tif daga jakar da aka ba ku. Ka sa ɗanka ya koyi wannan kafin ka iso.

Yawanci ana tashi daga Konstanz, a bi ta Meersburg da Friedrichshafen, inda aka fara tayar da jirgin Zeppelin, wato jirgin sama mai kama da ƙaton balan-balan, a 1900 kuma akwai gidan tarihinsa, sai Lindau wanda tsohon garinsa a kan tsibiri yake, sai Bregenz a Ostiriya, a dawo ta gaɓar Siwizalan. Na fi son a bi yadda hannun agogo yake juyawa, domin su ma a hannun dama suke tuƙi kamar yadda muka koma tun 1972, don haka mai bin hannun agogo tafkin yana damansa, ba sai ya riƙa tsallaka titi ba. Abin da ya sa nake ganin wannan tafki ya fi dacewa da mai shekarunka shi ne yawan mafita. Akwai jirgin fito tsakanin Konstanz da Meersburg, akwai wani tsakanin Friedrichshafen da Romanshorn, jirgin ƙasa kuma yana bin mafi yawan gaɓar, duk suna ɗaukar keke. Ranar da gwiwa ta ƙi, sai ka sayi tikiti ka riga jakarka isa.

Kada dai ka yarda da duk takardar talla da ta ce tafiya mai sauƙi ce. Yankin Salzkammergut na Ostiriya, inda tafkunan Wolfgangsee da Attersee da Traunsee suke, da garin Hallstatt mai tsohuwar mahaƙar gishiri wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1997, ya fi Bodensee kyan gani a wurin mutane da yawa, domin duwatsun a kan ruwan suke tsaye. Amma tafkunan da yawa ne, kuma tsakanin wannan da wancan akwai tudu da sai an hau. Saboda haka abin tambaya shi ne jimillar mitocin hawa na kowace rana, ba kilomita kaɗai ba. Shawarata gare ka kai tsaye ita ce ka karɓi keke mai batir, kada girman kai ya hana ka. Injinsa yana taimakawa ne kawai idan kana taka feda, yana kuma janye hannu idan ka kai gudun kilomita 25 a sa'a. Ya fi keken da ka sani nauyi sosai, don haka ka gwada birkinsa da tsayawa da shi a filin otal kafin ka shiga hanya.

Abin da ke kayar da dattawa a rana ta uku ba numfashi ba ne, sirdi ne. Ka ga likitanka tukuna, musamman idan akwai hawan jini ko ciwon suga, sannan ka samu keke a nan gida ka riƙa fita bayan sallar asuba na wasu makonni, kana ƙara nisa a hankali, har ka iya yin kwana uku a jere ba tare da zama ya gagare ka ba.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Daura. Maigidana yana son mu yi irin wannan hutu tare, amma ban ƙware da keke ba, kuma ina tunanin sutura da salla da abinci. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya bar ku tare. Maganar sutura ta fi sauƙin warwarewa, sai dai tana da haɗari idan an yi sakaci, domin zani da dogon hijabi suna shiga sarƙa ko wayoyin taya, kuma faɗuwar da hakan ke jawowa ba ƙarama ba ce. Ki sa wando mai faɗi wanda za ki iya tattare ƙafarsa, da riga mai kauri da ta kai gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda hular kwano za ta zauna a kansa. Ki nemi keke marar ƙarfen tsakiya, mai murfi a kan sarƙa, kamfanonin haya duk suna da shi. Ki kuma riƙe rigar ruwa da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, domin lokacin zafinsu ya yi daidai da daminarmu, kuma a gindin tsaunuka hadari yakan haɗu da la'asar ba sallama.

Tun da ba ki ƙware ba, ba na ba ku shawarar sauya gari kullum. Ku kama masauki guda a bakin tafki ɗaya ku riƙa fita kuna dawowa. Tafkin Annecy na Faransa ya dace da haka, domin zagayensa kimanin kilomita 40 ne, kuma hanyar gefen yamma a kan tsohon layin dogo aka shimfiɗa ta, babu mota babu tudu. Haka tafkin Wörthersee da ke kusa da Klagenfurt a kudancin Ostiriya, wanda jiragen ruwa suke zirga-zirga a kansa, ranar da kika gaji ki shiga jirgi, maigida ya same ki a gaba. Idan kuka kama gida mai kicin, kin huta da rabin damuwar abinci.

Game da salla, abin da zai fi ba ki mamaki shi ne tsawon yini. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, isha'i ta kai sha ɗaya ko fiye, alfijir kuma ya keto wajen ƙarfe uku, barcin da ke tsakani bai ishi mai taka keke ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa na fi son Satumba, lokacin da magariba ke dawowa wajen bakwai da rabi, cunkoson masu hutu ya ragu, kuɗin ɗaki ma ya sauka. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba, saboda haka hukuncin masu sauya gari kullum daban yake da na masu zama mako a gida ɗaya, ki zauna da malaminki a kan wannan kafin ku tashi. Akwai masallatai na al'ummar Turkiyya a manyan garuruwan yankin, Konstanz ma tana da nata mai hasumiya. Ki tafi da 'yar buta ko gora, domin bayan gidansu babu ruwan tsarki.

Karin kumallon otal yana da burodi da ƙwai da cuku da zuma da 'ya'yan itace, duk babu matsala, amma yankakken naman da ake jerawa kusa da su mafi yawansa na alade ne. A ƙasashen da ke jin Jamusanci, duk inda kika ga an rubuta Schwein ko Schinken ko Speck, ki wuce. Kifi da shagunan Turkawa su ne mafita. Ki tuna kuma a Jamus da Ostiriya kantuna a rufe suke ranar Lahadi, sayayya sai a yi ta tun Asabar.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'a a nan Katsina. Abin ya burge ni, amma ina ganin kamar na masu hannu da shuni ne. Babu irinsa a kusa?

Amsa: Ƙanena, ba ka yi kuskure ba, kuma tudun da ya fi kowanne tsayi a wannan tafiya yana ofishin jakadanci. Jamus da Ostiriya da Siwizalan da Faransa duk biza guda ce ta Schengen take shigar da mutum, ana nemanta a wurin ƙasar da za a fi yawan kwana a cikinta. Tun 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ba a mayarwa idan an hana, ana kuma buƙatar inshorar lafiya wadda za ta iya biyan kuɗin magani aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanan banki. Matashi marar aiki da iyali shi ne ya fi shan wahalar gamsar da su cewa zai dawo. Farashin da kamfanoni ke tallatawa kuma na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, sau da yawa ban da hayar keke da abincin dare, balle kuɗin jirgi daga Abuja ko Kano.

A Afirka akwai hanyar Congo Nile da ke bin gaɓar tafkin Kivu a Ruwanda, kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi, tafkin kansa yana kan tsayin kimanin mita 1,460, kuma Ruwanda tana ba 'yan Afirka izinin shiga a filin jirgi. Sai dai wannan hanya hawa da gangara ce tun daga farko har ƙarshe, wani ɓangaren ma babu kwalta, ta dace da ƙarfinka amma ba zan tura Alhajin Ƙofar Ƙaura can ba.

A nan gida ba mu da tafkunan tsaunuka, abin da muke da shi madatsun ruwa ne, irin su Zobe a Dutsin-Ma da na Jibiya da Daberam. Halin tsaro a yammacin jiha ba ɓoyayye ba ne, don haka kada ka nufi wata madatsa sai ka tambayi mutanen wurin, kada kuma ka shiga ruwan kwance saboda tsargiya. Abin da za ka iya kwaikwayo ba tare da biza ba shi ne tsarin kansa. Ku haɗu ku uku ko huɗu a watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba, ku raba hanyar Katsina zuwa Daura gida biyu, ku kwana a Mashi wurin wanda kuka sani, jakunkunanku kuma ku ba direban da kuka amince da shi a tasha ya kai muku gaba. Titin ba shi da gefen masu keke kuma motocin haya suna gudu a kansa, saboda haka ku tashi da zarar gari ya waye, ku sa riguna masu haske, ku jera ɗaya bayan ɗaya, ku sauka daga hanya kafin azahar.