Shin Ƙarancin Bangaskiyata Ne Ya Hana Mijina Warkewa?

Mama, barka da aiki.

Shekara 2 ke nan da mijina ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma tun daga ranar ban huta da addu'a ba. Na yi azumi, na kwana a durƙushe, dattawan ikilisiya sun zo sun shafa masa mai, amma har yau hannun nan bai motsa ba. Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne maganar mutane. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce da ina da bangaskiya ko da kamar ƙwayar mastad, da tuni ya miƙe. Ni kuwa na san Ubangiji mai iko ne, wanda ya ta da Li'azaru bayan kwana 4 a kabari ba hannu ɗaya ne zai gagare shi ba. Na sani, Mama, na sani, to me ya rage? Wata 'yar'uwa a ƙungiyarmu ta addu'a ta ce zuciyata a rabe take tsakanin Allah da magani, shi ya sa na daina ba shi maganin hawan jini wata 3 da suka wuce, duk da haka shiru. Idan ana ba da shaida a sujada sai in sunkuyar da kai, gani nake kowa ni yake kallo. Shin ni ce na tare wa mijina warkarwa?

'Yarki cikin Ubangiji.

'Yata,

Cikin dukan abin da kika rubuta, maganar da kika wuce da sauri ita ce ta tayar mini da hankali: wata 3 mijinki ba ya shan magani. Ki kai shi wurin likita yau, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru ba tare da ɓoye komai ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma wanda jikinsa ya taɓa shanyewa yana cikin haɗarin a sake maimaitawa idan jinin ya hau.

Ba na so in hukunta 'yar'uwar nan, wataƙila da kyakkyawar niyya ta yi magana, amma ta ba ki muguwar shawara, kuma ba ta same ta a Littafi Mai Tsarki ba. A Ishaya sura 38, Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, sannan annabin da ya kawo saƙon ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun da ya kwantar da shi. Annabi Ishaya bai ga saɓani tsakanin alkawarin Allah da magani ba, ke ma kada ki gani.

Game da bangaskiyarki kuwa, ki karanta Daniyel sura 3. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Manzo Bulus ma sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Ku kuma masu zuwa dubiya, ku ji tsoron Allah. Abokan Ayuba sun kyauta masa ne a kwana 7 da suka zauna shiru, da suka buɗe baki suna neman laifinsa sai fushin Allah ya sauka a kansu. Idan kun je, ku taya matar nan juya mijinta, ku bar ta ta yi barci.

'Yata, ki ci gaba da roƙon warkarwa da gaba gaɗi, ina tare da ke a addu'a. Ki kuma tambayi likitan batun motsa jiki domin hannun, sannan ki sake rubuto mini abin da ya ce.