Amsa: Garin da wuta ke ci a ƙarƙashinsa a Amurka

Malam, tambayarka kan ko da gaske akwai garin da mutum biyar kawai suka rage a cikinsa: gaskiya ne, bisa ƙidayar 2020. Sunansa Centralia, a gundumar Columbia ta jihar Pennsylvania, yankin duwatsun da ake haƙar gawayin kwal. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Ya samu majalisar kansa a 1866, kuma a ƙidayar 1890 mutanensa sun kai 2,761.

Matsalar ta taso a watan Mayun 1962, da aka cinna wa juji wuta a wani tsohon ramin haƙar kwal. Wutar ta zurara cikin ramukan da ke ƙarƙashin gari. An zuba ruwa, an yi tono, an cusa toka da yashi, duk a banza, domin ramukan suna shigar da iska ta ko'ina, kwal ɗin kuma ba ya ƙarewa da wuri. Sai iskar guba ta fara shiga gidaje, ƙasa na ruftawa. A 1981 wani yaro ɗan shekara 12 ya faɗa rami a bayan gida, ɗan uwansa ya ciro shi da ƙyar.

Daga nan majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don kwashe mutane. A 1980 sun haura dubu, a 1990 saura 63, a 2020 biyar. An soke lambar gidan wayar garin a 2002. Waɗanda suka ƙi tashi an bar su har ƙarshen ransu, bayan haka jiha ta karɓe gidajen.